Sparsely: wuraren da ɗalibai ke yawan zamewa

Duk sanda na zauna makin takardun yaran da nake wa lesin sai na ci karo da kalmar Turancin nan an ji mata ciwo. Ita fa sparsely ma'anarta tsilli-tsilli, nan ɗaya can ɗaya, kamar geron da aka shuka ruwa ya ɗauke, ko gemun saurayin da bai gama cika ba.

Babban kuskuren shi ne a ɗauka sparsely populated na nufin mutane kaɗan ne kawai. A'a wallahi, maganar fili ce, mutum nawa ne a kan ƙasa mai faɗin nawa. Ostireliya na da mutum sama da miliyan 25 amma duk da haka sparsely populated ake ce mata, don in ka raba bai fi mutum 3 ko 4 a murabba'in kilomita ba, Mongoliya ma wajen 2 ne. Ko nan kusa, jihar Agadas ta cinye sama da rabin ƙasar Nijar amma sai ka yi ta zabga tafiya a mota ba ka ga ko bukka ba. Cikin birnin Kano kuwa, irin su Kurna da Fagge, kishiyarta za ka ɗauko, densely.

Sai masu cakuɗa ta da scarcely, wani yaro ya rubuta min "I sparsely ate yesterday" na ce malam kai gona ne da za ka ci abinci tsilli-tsilli? Scarcely yake nufi, wato da ƙyar. Akwai ma masu rubuta sparcely da c. Da s ake rubuta ta, sparsely.

Akwai kuma sparingly, wadda za ka gani jikin kwalin man shafawa na kemis, apply sparingly, ɗan lakato kaɗan kenan kar ka dambara.

Wurin ajiye ta ma ana tuntuɓe. "The village is sparsely" magana ce da aka yanke a tsakiya, dole wata kalma ta biyo baya, populated ko furnished ko attended. Ɗakin gwauro mai katifa ɗaya da buta, a sparsely furnished room. In suna za ka siffanta kai tsaye to cire ly ɗin, ka ce sparse vegetation, ka ce sparse hair.