Shawara ga mai son fara aiki da ESP32

Salamu alaikum ƴan'uwa na Damagaram. Mai son fara haɗa na'ura, ya sayi ESP32, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake loda wa manhaja daga kwamfuta, na kamfanin Espressif na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2016. Akwai Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Ɗan'uwansa ESP8266 ya fi araha, amma ba shi da Bluetooth.

Fara da duba wayar USB ɗinka. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Dole na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Fitila za ta kama, kwamfuta kuwa ba za ta san an jona komai ba. In wayar lafiya lau take, duba allon ka karanta rubutun ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB: CH340 ne ko CP2102, sai ka sauke direbansa, wato manhajar da za ta sa kwamfuta ta gane shi. Daga nan ka sauke Arduino IDE, manhajar da ake rubuta umarni a loda wa allon, ka gwada Blink, misalin da ke sa fitila ta riƙa kamawa tana mutuwa. In lodi ya tsaya yana jera ɗige-ɗige, danne maɓallin BOOT da ke jikin allon har ya fara.

Ƙafafun ESP32 volt 3.3 suke ɗauka, kar ka ba su 5, za ka ƙona shi. Kuma Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai yake gani, don haka ka sa hotspot na salularka a kan 2.4 GHz.

Masu ɗokin kunna famfon tanki da shi, ku dakata tukuna. Kuran na volt 220 ba abin wasa ba ne, sai da rile (makunnin da allon zai riƙa sarrafawa) da wanda ya san aikin lantarki a kusa.