Yadda ake kunna rajistar saƙonnin kernel a cikin kwantenar VPS

Samarin da ke haɗa wa makarantu da shagunan intanet saba (server) a wajejen Kazaure da Ringim duk wuri ɗaya suke tuntuɓe. Su kama VPS mai araha, wato saba ta haya da aka yanko daga wata babbar na'ura, su sa dokar iptables (katangar tsaron Linux) mai LOG don a rubuta musu abin da ke shiga da fita, su leƙa /var/log/kern.log su tarar wayam. Daga nan sai gogewa da sake girkawa, data tana ƙonewa a banza.

Fara da buga systemd-detect-virt. In ya ce kvm, kernel, wato zuciyar Linux mai fitar da waɗannan saƙonni, taka ce. In ya ce openvz ko lxc, a kwantena kake, ɗan haya ne kai: kernel ɗaya ce tal a babbar na'ura, kamar gidan haya mai mita ɗaya, kuma a ɗakin mai gida take.

Girka rsyslog, manhajar da ke rubuta rajista, don Debian 12 ta 2023 ba ta zuwa da shi. Buɗe /etc/rsyslog.conf, nemo module(load="imklog"), a tsofaffi $ModLoad imklog, ka cire # ɗin da ke gabansa. Tabbatar akwai layin kern.* mai zubawa a kern.log, sannan systemctl restart rsyslog. A OpenVZ sau da yawa wannan ya wadatar.

A LXC ne ake shan wuya. Rsyslog zai yi ƙorafin an hana shi buɗe /proc/kmsg, inda yake karanto saƙonnin kernel. Don Allah kar ka taɓa chmod don sauya izinin fayil ɗin, ba zai yi komai ba. Zama root, wato mai cikakken iko, a kwantena bai ba ka iko a kan kernel ba. Ban da haka, ita kanta kernel danne saƙonnin LOG na kwantenoni take yi da gangan, kar wani ɗan haya ya cika mata rajista. Tun Linux 4.11 akwai makunni, net.netfilter.nf_log_all_netns=1, amma a babbar na'ura ake kunna shi, saƙonnin ma can za su sauka. Kamfanin da ka biya kuɗin shayi da wuya ya yi maka wannan.

Ni dokata, a LXC a manta da LOG. Girka ulogd2, manhajar da ke karɓar saƙonnin iptables ta rubuta su da kanta, mayar da -j LOG zuwa -j NFLOG, duba /var/log/ulog/syslogemu.log. In ya ƙi, roƙi kamfanin ya loda nfnetlink_log, sashen kernel da NFLOG ke buƙata. Ƙara -m limit --limit 5/min, in ba haka ba masu ƙwanƙwasa ƙofar SSH, hanyar shiga saba daga nesa, za su cinye maka faifai.