Yadda ɗalibi mai naƙasa zai haɗa takardun neman sassauci a jami'a

Da sakamakon bak ya fito, an gama barka, hankalin gida kan koma kan kuɗin rajista da wurin kwana. Ga ɗalibin da idonsa ba ya gani sosai, ko mai larurar ji, ko wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa, ko mai fama da sikila, akwai dosiye na biyu da ya kamata a fara haɗawa tun damina ba ta ɗauke ba. Shi ne zai sa a ƙara maka lokaci a jarrabawa, a ba ka ɗaki a ƙasa, a zaunar da kai layin gaba a amfi. Kuma ba alfarma kake roƙo ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, sashe na 24 nata ya yi magana kan ilimi har matakin jami'a, sannan ga dokar ƙasa kan naƙasassu mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019.

Ka fara da kanka, kafin ka je wurin kowa. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ya fi ba ka wahala a lise: allon ne ba ka hangowa, ko hannun ne ke gajiya bayan shafi biyu, ko kuwa in malam ya juya baya yana magana shi ke nan an bar ka? Gaban kowace matsala ka rubuta maganinta. Wannan ƴar takardar za ka riƙe zuwa likita.

A wurin lokotoro ne yawancin mutane ke yin tuya su manta da albasa. Mu ma mun yi. Ɗan yayata zabiya ne, in yana karatu hancinsa har gogar littafin yake. Muka je muka ce muna son satifika, aka ba mu abin da muka tambaya: layi ɗaya, mai cewa yaron zabiya ne. Abin da duk mai ido ya riga ya sani ke nan! Sai da muka sake komawa, muka sake bin layi tun da sassafe, domin ba mu faɗi abin da za mu yi da takardar ba. Wanda zai karanta ta a jami'a ba ma'aikacin lafiya ba ne. Sunan cuta ba ya gaya masa komai. Yana so ya ga me take hana ka yi, me kuma zai yi maka a kai.

Don haka ka nemi ƙwararre a fannin larurar taka, Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram nan ne wurin farawa. Mai matsalar ido ya sa a rubuta ƙarfin ganin kowane ido da lamba, da tabarau da kuma babu. Mai matsalar kunne ya haɗa da zanen gwajin ji. Mai sikila ya haɗa da sakamakon gwajin jinin da ya nuna SS ko SC. Sa'an nan ka miƙa ƴar takardarka cikin ladabi: "Lokotoro, don Allah a rubuta mani cewa larurar dawwamammiya ce, kuma ga abin da nake buƙata a aji da wurin jarrabawa." A rubuta su dalla-dalla: tambayoyi da manyan haruffa, ko mai karanta maka, ko mai rubuta maka, ko izinin fita shan ruwa da magani, ko ƙarin lokaci. A tsarin Faransa ƙarin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin uku, wato jarrabawar awa 3 ta koma awa 4. Ka ambaci adadin, kada ka bar shi a "ƙarin lokaci" kawai. Kafin ka fita ka duba kwanan wata, sa hannu, hatimi, da kuma sunanka, ya zama harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwa. Mahamadou da Mamadou, a idon ofis, mutum biyu ne.

Sauran takardun ba su da wuya: takardar haihuwa, shaidar cin bak, rasit na rajista, hotuna. In a jarrabawar bak an taɓa yi maka wani sassauci kuma akwai shi a rubuce, ka saka, domin yana da nauyi. Ka yi fotokofi uku na kowace, ka kai meri a buga masu hatimi. Ta asali ba ta kwana a hannun kowa sai naka.

Ka kuma leƙa ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ko ta makafi, UNAN. Sun san ƙofofin da ake bugawa, wasiƙarsu kuma tana ƙara wa dosiye ƙarfi.

Yanzu wasiƙar neman, da Faransanci, shafi ɗaya. Ba wurin ba da tarihin wahala ba ne. Wane ne kai, wane fanni, wace shekara, me kake nema, ɗaya, biyu, uku, me ka haɗo da shi. A Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kamar sauran jami'o'in gwamnati, hidimar ba a hannu ɗaya take ba: maganar aji da jarrabawa ta tsangayarka ce, maganar ɗaki da abinci ta CROU ce, wato cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai, bursu kuwa na ANAB ne, hukumar ba da bursu ta ƙasa. Kowane ɓangare da wasiƙarsa. In ka miƙa, ka roƙi sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kofin da za ka koma gida da shi. "Ba komai, za a duba" magana ce mai daɗi, amma mai tsaron jarrabawa bai ji ta ba, takarda zai ce ka nuna masa.

Akwai masu jin nauyin a san suna da farfaɗiya ko ciwon damuwa, kuma na fahimce su. Bayanin asibiti ka sa shi a ambulan, ka liƙe, ka kai ofis. Malamai da ƴan aji amsar ofis kaɗai ta ishe su.

Bayan mako biyu ka koma ka ji inda aka kwana, ka nemi amsar a rubuce. Da ta fito, ka bi malamanka ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen darasi ka nuna masu, ka sanar da wakilin aji, domin shi ke fara jin labarin canjin ɗaki. Ana saura mako guda jarrabawa ka sake tuna wa tsangaya, musamman in manyan haruffa ne, tunda sai an buga naka daban. Farkon kowace shekara ka tambaya ko sai an sabunta. Ɗan yayata tasa kofin a leda take, cikin jaka, kusa da katin ɗalibi, saboda ƙurar hunturu da zufar kan kabu-kabu.