Yadda za ka kula da mai shan mitotane idan kansar adirinal ta wuce aikin tiyata

Jama'a wannan ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, mutum 1 ko 2 cikin miliyan a shekara, yana fitowa ne a wani ɗan ƙulli da ke zaune kan ƙoda kamar hula, ana kiransa adirinal, shi ke samar da kotisol, sinadarin da jiki ba ya rayuwa sai da shi. In likita ya ce abin ya bazu wuƙa ba za ta iya ba, galibi mitotane ake ɗora mutum a kai, ƙwaya ce mai 500mg, a kwali za ka ga Lysodren. In ciwon na saurin bazuwa sai a haɗa da kemo, wato magungunan kashe kansa, kala 3, etoposide da doxorubicin da cisplatin, tun bayan binciken FIRM-ACT na 2012 wannan haɗin likitoci suka fi bi.

A ba mara lafiyar ƙwayar mitotane da abinci mai maiƙo, madara ko ƙwai ko tuwo da man shanu, jiki ya fi ɗaukarta haka.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Mitotane ba ya bambance ɓangaren adirinal mai ciwo da mai lafiya, duka yake kashewa, kuma yana sa hanta ta riƙa cinye kotisol da sauri, shi ya sa ake haɗa shi da hydrocortisone, maganin steroid da ke maye gurbin kotisol, kuma adadin ya fi na sauran marasa lafiya, don Allah kar wani ya ce ƙwayoyin sun yi yawa a ajiye hydrocortisone, wallahi ita ke riƙe da shi. In ka ga amai ya ƙi tsayawa, ko gudawa, ko zazzaɓi, jiki ya saki ya kasa ɗaga kofi, ba jiran gari ya waye, allurar hydrocortisone 100mg ake yi a wuce asibiti. Ya riƙa yawo da kati a aljihu mai nuna yana kan steroid, ko da ya faɗi a hanya.

Gwajin jini kuma dole ne, ana so mitotane a cikin jini ya tsaya tsakanin 14 da 20 mg/L, kaiwa nan kan ɗauki watanni, in ya haura sai jiri da yawan barci da harɗewar magana, ka kira likita kar ka rage da kanka. Jiƙe-jiƙe a dakata tukuna, in yana shan warfarin, mai hana jini daskarewa, ko spironolactone, mai rage ruwan jiki, a sanar da likita, batun azumi ma a tambaye shi. Mace kuma ta guji ɗaukar ciki ko bayan ta daina sha, don maganin yakan daɗe a kitsen jiki wata da watanni.