Yadda Malami Zai Koyar da Tarihin Kundin Tsarin Mulki Ba Tare da Son Kai Ba

Malamin da ke koyar da tarihin tsarin mulkin Najeriya ya fara da abin da babu gardama a kansa: kundayen zamanin mulkin mallaka, wato kundin Clifford na 1922, na Richards na 1946, na Macpherson na 1951, da na Lyttelton na 1954 wanda ya tabbatar da tsarin tarayya. Wannan ɓangaren ba ya da wuya.

Wahalar tana zuwa ne a kan batu irin ƙudurin da Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya gabatar a 1953 na neman mulkin kai a 1956, wanda wakilan Arewa, bisa jagorancin Sardauna Ahmadu Bello, suka nemi a sauya shi da samun mulkin kai da zarar lokaci ya dace. A nan kada malami ya kira wani ɓangare maci amana ko gwarzo. Ya bayyana hujjar 'yan Kudu, sannan ya bayyana fargabar Arewa game da ƙarancin ma'aikata masu ilimin boko, ya kuma sa kowane ɗalibi ya kare ra'ayin da ba nasa ba, domin a ganina wannan atisayen ya fi doguwar lacca amfani.

Idan aka zo kan addini, a karanta sashe na 10 (wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa) da na 38 (kan 'yancin addini) na kundin 1999 a cikin aji, kalma bayan kalma, kafin kowa ya faɗi fahimtarsa. A kuma gaya wa ɗalibai cewa gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da kundin.