Yadda za a samu sinadaran kare zuciya daga abincin gida

Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ba sa toshewa dare ɗaya. Kitsen da likitoci ke kira LDL yakan maƙale a bangon jijiya, idan iskar oksijin ta gurɓata shi sai wurin ya kumbura, hanyar jini ta riƙa ƙuntata shekara da shekaru. Sinadaran antioksidan, irin su bitamin C da bitamin E da launukan da ke cikin ganyaye da 'ya'yan itatuwa, suna rage wannan gurɓacewa, shi ya sa aka daɗe ana danganta su da lafiyar zuciya.

Wanda yake neman su ya nufi kasuwa, ba kemis ba. An gwada ƙwayoyin waɗannan sinadarai, kuma ba su yi abin da aka zata ba. A binciken da aka fitar a Finland a 1994, maza masu shan taba da aka ba ƙwayar beta-karotin (sinadarin da ke ba karas da manja launinsu) sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu, sannan wani babban bincike mai suna HOPE na shekarar 2000 ya nuna cewa ƙwayar bitamin E ba ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Amfanin da ake gani yana tare da abincin ne gaba ɗayansa, da harzarsa da sauran abubuwan da ke cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana, kuma rogo da doya da dankalin turawa ba sa cikin lissafin. Ba sai an nemi kayan waje masu tsada ba. Kwaɗon zogale da rana, miyar alayyafo ko yakuwa da dare, da gwaiba ko lemo ko gwanda a tsakani sun kai mutum kusa da wannan adadi. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C mai yawa, gyaɗa kuwa tana ba da bitamin E.

Wajen girki ne aka fi yin asara. Bitamin C yana narkewa a ruwa kuma ba ya jure dogon zafi, saboda haka a wanke ganye kafin a yanka shi, a zuba shi a miya daf da saukewa, a sauke tun yana kore shar. Kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi tana lalata wannan bitamin. Tumatir ya sha bamban, domin jiki ya fi tsotsar jan sinadarinsa idan an dafa shi da ɗan mai. Manja kuma, idan aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, karotin ɗinsa ya tafi, kitsen kawai ya rage.

Zoɓo abin sha ne mai kyau, amma irin sukarin da ake antaya masa yana cinye ribar, don haka a rage shi, a ƙara citta da kanumfari. Haka ma gishiri, wanda hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a rana, ciki har da na dunƙulen miya. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa, kuma ya sanar da likita idan yana shan zoɓo kullum, domin shi ma yana ɗan sauko da jini.