Yadda ake bin salsalar dangi har zuwa baƙin Ayalan da suka zauna a Amurka

Kuskuren da yawancin masu wannan bincike suke yi shi ne garzayawa kan takardun Ayalan tun da farko. Kada ka yi haka. Sunan Murphy ko Kelly a can ya fi a ƙirga, kuma in ba ka san ƙauye ko yankin cocin da kakan ya fito ba, wahala kawai za ka sha. Aikin farko a Amurka yake. Matar ɗana jinin mutanen Ayalan ce, ni kuma ina son jikokina su san asalinsu ta wajen uwa kamar yadda suka sani ta wajen uba, shi ya sa na shiga wannan aiki.

Fara da tsofaffin gida. Tambaye su sunaye, cocin da aka ɗaura aure, da maƙabartar da aka binne kakanni. Sannan ka bi ƙidayar Amurka baya-baya, wadda ake yi duk shekara goma. Ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mutum a gida, ban da bayi, da ƙasar haihuwarsa, ta 1900 kuma ta tambayi shekarar da baƙo ya shigo. Ta 1890 kam gobara ta cinye mafi yawanta a 1921.

Matsalar ita ce ƙidaya da takardun jirgin ruwa galibi "Ayalan" kawai suke cewa. To ina za a samo sunan ƙauyen? Wurare uku na fi amincewa da su. Na farko dutsen kabari. Mutanen da suka gudo daga babbar yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta ruɓar da dankalin turawa har kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sukan sa a sassaƙa sunan lardinsu da yankin cocinsu a kan dutsen. Mu a nan muka dace. Dutsen ya yi gansakuka, sai da muka jira rana ta karkata ta haska shi daga gefe kafin haruffan suka fito, ga sunan yankin coci a lardin Cork. Kada ka kankare dutse da ƙarfe, lalata shi za ka yi.

Na biyu cigiyar da jaridar Pilot ta Boston ta riƙa bugawa daga 1831 zuwa 1921, inda uwa ke neman ɗanta ko ƙanwa ke neman yayanta, a faɗi ƙauyensu da shekarar da ya tashi. Karanta su yana sosa rai. Na uku littattafan bankin Emigrant na New York, wanda aka kafa a 1850. Ma'aikatansa sukan rubuta mahaifar mai ajiya da sunan jirgin da ya kawo shi da sunayen iyayensa, don su gane shi in ya dawo cirar kuɗi. In a Amurka ba ka ga shigowar kakan ba, duba Kanada, domin da yawa ta tsibirin Grosse Île na Quebec suka bi.

Da ka samu sunan wurin, sai ka tsallaka teku. Ka sani a Yunin 1922, lokacin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin, babban birnin Ayalan, ta ƙone, ƙidayoyin 1821 zuwa 1851 suka tafi sai ɗan abin da ya tsira. Amma ba komai ya salwanta ba. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna intanet kyauta. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta kowa da kowa ta fara a 1864. Kafin nan sai littattafan baftisma na cocin Katolika, waɗanda Ɗakin Karatu na Ƙasa na Ayalan ya sa hotunansu a intanet a 2015. Akwai kuma ƙiyasin filaye na Griffith, daga 1847 zuwa 1864, mai nuna wanda ke hayar kowace gona da mai gonar. Wanda kakanninsa suka fito daga Ulster, yankin arewacin Ayalan, tun ƙarni na 18, ma'ajiyar takardu ta birnin Belfast ce tasa.

Kada ka riƙe rubutun suna ko shekaru da ƙarfi. O'Sullivan yakan koma Sullivan, kuma mutum yakan rage wa kansa shekara huɗu ko biyar tsakanin ƙidaya biyu. Abin da ya fi taimako shi ne al'adarsu ta maimaita suna, kusan irin tamu: ɗan fari a sa masa sunan kakansa na wajen uba, ɗa na biyu na wajen uwa. Duba kuma sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri a baftisma, yawanci 'yan'uwa ne ko maƙwabta daga ƙauye ɗaya. Kada ka ɗora kowa a jerin kakanni sai takardu biyu daban-daban sun yarda a kansa.